Yadda ƙwaya ke shiga ƙaramin gari ta zauna, kowa na gani ba mai magana

Akwai wani ɗan gari a jihar West Virginia ta Amurka da ake kira Kermit, mutanen cikinsa gaba ɗaya basu wuce 400 ba. Cikin shekara biyu kacal kamfanonin dillancin magani suka tura ƙwayoyin kashe zafin ciwo masu sa maye kusan miliyan 9 zuwa kemis ɗaya tak a garin. Ka buga lissafin da kanka, kowane mutum har jaririn goye ya tashi da sama da ƙwaya 20,000 kenan. Ba mutanen garin ne suka shanye su ba, daga nesa ake tukowa a zo a saya a koma. Sai a ƙarshen 2016 wani ɗan jarida mai suna Eric Eyre ya tono maganar, ya nuna cewa tsakanin 2007 da 2012 ƙwaya miliyan 780 aka shigar jihar, kuma a wannan tsakanin mutum 1,728 suka mutu da irin ƙwayoyin. Aikin ya sa ya ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, a 2017.

Ni abun da yafi tsaya min a rai a labarin nan ba yawan ƙwayar bane. Garin mutum 400 fa ake magana, inda in baƙuwar mota ta shigo da safe kafin azahar kowa ya san launinta da wanda ya tuƙo ta. Ta yaya abu kaman wannan zai ɗauki shekaru? Amsar ita ce an gani, kowa ya gani. Kuma a nan ne nake ganin mutane da yawa suna kuskuren fahimtar matsalar ƙwaya a karkara, ana ɗauka cewa tunda kowa ya san kowa to ai ɓarna bazata samu wurin ɓuya ba, alhali wannan sanin junan shi ne bargon da take lulluɓa dashi.

Amma bari mu fara da ƙofar da take shigowa, don ba irin ta birni bace. A birni galibi ana fara shaye-shaye ne ta hanyar abokai da neman nishaɗi, a karkara kuwa sau da yawa ciwo ne ke buɗe ƙofa. Aikin karkara aikin jiki ne, noma, haƙar ma'adinai, saran itace, dako, gini, kamun kifi. Mutum ya kai shekara arba'in bayansa ya riƙe, gwiwa ta fara ƙara, kuma ba shi da wani hutun rashin lafiya, ranar da bai fita ba ranar ba kuɗi. Asibitin da zai duba shi da kyau na da nisa, abun da ke kusa shi ne ƙwaya. Lokacin da kamfanin Purdue Pharma ya fito da wata ƙwayar kashe zafin ciwo mai suna OxyContin a 1996 yana gaya wa likitoci cewa da wuya mutum ya kamu da jarabarta tunda a hankali take narkewa a jiki, yankunan da ta fi yi wa illa tun farko su ne garuruwan masu haƙar kwal da masu aikin katako, har aka riƙa yi mata laƙabi da hiroyin ɗin ƙauyawa. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudarar jama'a a kotu aka ci shi tarar sama da dala miliyan 600, amma lokacin aikin gama ya gama. Irin wannan ne ya faru da tiramadol a Afirka ta Yamma, inda lebura da manomi ke sha don ya jure aiki, kuma wadda ake fasa-ƙwaurinta takan zo da ƙarfin miligiram 200 ko 225 alhali ta asibiti 50 ce ko 100. A jihar Funjab ta Indiya ma tun da daɗewa ma'aikatan gona na amfani da ɓawon furen da ake yin ofiyom dashi lokacin girbi, kafin hiroyin ta zo ta mamaye ƙauyukan.

Ka ɗauki mutum ɗaya ka kalle shi da kyau. Ya fara da ƙwaya ɗaya da safe, ya ga ya yi aikin mutum biyu bai ji komai ba, ya ce ashe da magani. Bayan wata biyu ɗaya bata isarsa, ya koma biyu, sannan huɗu, don jiki na sabawa, abun da ya yi aiki jiya yau bazai yi ba. Sai wata rana ta yanke masa. Ya tashi da asuba gumi na karyo masa alhali sanyi yake ji, hanci na zuba, hamma ba ƙaƙƙautawa, ciki na murɗa, ƙafafu kaman ana sara da gatari, ya kasa zama ya kasa kwanciya. Matarsa ta ɗauka zazzaɓi ne. Shi ya san ba zazzaɓi bane, don yana haɗiyar ƙwaya minti talatin ya miƙe garau. Daga ranar nan ba maye yake nema ba, so yake kawai ya iya tsayuwa da ƙafarsa kaman kowa. Wallahi duk wanda bai gane wannan matakin ba bazai taɓa gane dalilin da yasa mutumin kirki, mai iyali, wanda bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, zai wayi gari yana kwance injin ban-ruwan maƙwabcinsa da daddare ba.

Ƙofa ta biyu ta dila ce, kuma shi dila ɗan kasuwa ne, lissafi yake yi. A babban birni masu sayarwa sun yi yawa, farashi ya faɗi, kowane lungu akwai mai shi kuma in ka taka za'a iya kashe ka, ga ƴan sanda ko'ina. A ƙaramin gari ba gasa, kaya na tsada, jami'an tsaro ƴan ƙalilan ne suna kula da yanki mai faɗin gaske. A Ingila abun ya zama tsari sosai har suna da suna na musamman da suke kiransa, wanda ma'anarsa layin gunduma. Gungun dilolin Landan ko Libaful ko Bamingam zasu buɗe layin waya guda, su riƙa tura saƙo ga kwastomomi a wani ƙaramin gari na bakin teku ko na karkara, oda ta shigo ta wayar, shi ogan na zaune a birni bai taɓa kayan da hannunsa ba, yara yake turawa a jirgin ƙasa ko bas, wasu shekararsu 12 ko 13. Hukumar yaƙi da manyan laifuka ta ƙasar ta ƙiyasta a rahotonta na farkon 2019 cewa irin layukan nan sun haura 2,000. Yadda suke ɗaure yaron ma abun tausayi ne, a saya masa takalmi da waya a nuna masa gata, sannan su da kansu su shirya a tare shi a hanya a ƙwace kayan, a ce to yanzu bashi ya hau kanka sai ka yi aiki ka biya, bashin da baya ƙarewa. Wurin zama kuma basa kama haya, gidan wani mai rauni suke nema, ɗan ƙwaya ko mai taɓin hankali ko tsoho da ke zaune shi kaɗai, su fara bashi kaya kyauta, sannan su tare a gidansa ya koma baƙo a ɗakinsa. Sunan da ake kiran wannan dabarar daga wani tsuntsu aka samo shi, wanda ke zuwa ya saka ƙwai a sheƙar wani.

Sannan akwai fili. Daji, gonaki masu nisa, kangon gidaje, hanyoyin da ba shingen bincike. A shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ƙauyukan Amurka sun cika da ƙananan wuraren dafa metamfetamin, wata muguwar ƙwaya mai sa kuzari da hana barci, don warin haɗin na da ƙarfi, a birni maƙwabta zasu ji, a bayan gona ba mai ji, kuma ɗaya daga cikin sinadaran wani takin zamani ne na amoniya da ake sacewa daga tankunan manoma. A 2006 aka sa hannu kan dokar da ta tsaurara sayar da maganin mura da ake ciro babban sinadarin daga cikinsa, ƙananan wuraren dafawar suka ragu da gaske. To amma masu sha suna nan, sai manyan gungun Meziko suka karɓi kasuwar da kaya mai arha kuma mai ƙarfi. Haka aka sake yi da OxyContin, a 2010 aka canza haɗinta yadda zata yi wuyar niƙawa, likitoci suka fara janye hannu, mutanen da jikinsu ya riga ya kamu suka koma hiroyin, daga wajen 2013 kuma fentanil ta shigo, wadda ta ninka hiroyin ƙarfi kusan sau 50, miligiram 2 kawai na iya kashe mutum. A 2021 waɗanda ƙwaya ta kashe a Amurka sun haura 100,000 a shekara guda. An gudu ba'a tsira ba kenan. Ba ina cewa kar a toshe hanyar kaya bane, dole a toshe, amma in ka toshe ka bar mutum da jarabarsa ba magani to wani kayan zai nema, kuma galibi wanda yafi na farkon muni.

Maganar laifuka kuma tana so a rarrabe ta, don ana yawan cakuɗa komai wuri ɗaya. Wani masani ɗan Amurka, Paul Goldstein, tun 1985 ya kasa alaƙar ƙwaya da ta'asa gida uku, akwai wadda mutum ke yi cikin maye, akwai wadda yake yi don ya samu kuɗin saye, akwai kuma wadda kasuwar kanta ke haifarwa, rikicin bashi da na yanki tsakanin diloli tunda ba kotun da zasu kai ƙara. A ƙaramin gari ta biyun ce tafi yawa, kuma daga cikin gida take farawa. Uwa ta nemi ɗan kunnenta ta rasa, ta ce ƙila ita ta manta inda ta ajiye. Sati na gaba wayar ƙanwa ta ɓata. Sannan buhun hatsi ya ragu, kayan aikin uba suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Duk gidan an san waye, ba wanda ya furta, sai dai uwar ta fara kulle ɗakinta tana rataye makullin a wuya, ta fara kwana da jakarta ƙarƙashin matashi, a gidanta, saboda ɗan da ta haifa. In gida ya ƙare sai a fita waje, dabbobi, man dizal, batirin sola, wayar wuta, amfanin gona tun yana tsaye. Manomi ɗaya da aka sace wa injin ban-ruwa ana tsakiyar rani ya yi asarar shekara guda ne, ba ta inji kaɗai ba.

Kuma yawancin wannan baya shiga kowane littafin ƴan sanda. Wa zai kai ƙarar ɗan yayarsa? Hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai a sasanta, dangi su biya, a ce a rufa asiri. Shi yasa in ka ga alƙaluma sun nuna laifi ya yi ƙasa a karkara sai ka tambaya, laifin ne babu ko kai ƙarar ne babu. In ma mutum ya yi niyyar tona dila, a birni zai buga waya ba wanda ya san shi, a ƙauye kuwa mutum uku ne kacal ke iya hango ƙofar gidan dilan, ana kama shi ya san cikin ukun nan ne, kuma in an bada belinsa gobe a hanya ɗaya zaku riƙa haɗuwa, ƴaƴanku makaranta ɗaya. Ɗan sandan ma a garin yake zaune, wataƙila tare suka taso da wanda ake so ya kama. Wani lokacin kuma dilan ba baƙo bane mai ban tsoro, ɗan gari ne mai kyauta, shi ke ranta wa mutane kuɗi in ta ɓaci, shi ke kai mara lafiya asibiti a motarsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Ya kamata in faɗi wani abu a nan don kar a yi min mummunar fahimta. Yawancin masu shaye-shaye basu taɓa cutar da kowa ba sai kansu, kuma ba kowace sata a ƙauye ce ƙwaya ta jawo ba, talauci da rashin aiki na yin nasu. Haka kuma ba gaskiya bane cewa kullum karkara ta fi birni shaye-shaye. A Amurka hukumar kula da cututtuka ta nuna cewa a 2015 yawan mace-macen ƙwaya a karkara ya ɗan zarce na birni in aka kwatanta da yawan jama'a, daga baya birane suka sake wucewa gaba. Abun da ya bambanta shi ne ƙwaya iri ɗaya tafi yin ɓarna a inda ba abun tare ta.

Ɗauki nisa kawai. Wanda ƙwaya irin su hiroyin ko fentanil ta yi wa yawa numfashinsa ne ke tsayawa, kuma ƙwaƙwalwa bata jure rashin iska fiye da ƴan mintuna. Akwai magani mai suna nalokson da ke farfaɗo da mutum nan take, har na fesawa a hanci akwai, tun 2023 ana sayar dashi a Amurka ba sai da takardar likita ba. Amma in motar asibiti sai ta yi tafiyar minti arba'in kuma ba kowa a gidan da ke da maganin, gawa zata tarar. Mai son ya daina kuma, maganin da aka tabbatar yana aiki irin su metadon a wurare da dama sai ka je kullum ka karɓa a gaban ma'aikaci, to mutumin da ke nesa da kilomita 80 ba mota ba kuɗin mota ga aikin gona na jiransa, kwana nawa zai jure?

Ko da asibitin na kusa ma, kunya na nan. Ma'aikaciyar da ke rubuta suna surukar wani ce, mai gadi maƙwabci ne, ana ganin abun hawanka a ƙofar wurin labari ya zaga gari. Mata sun fi shan wannan wahalar nesa ba kusa ba, don namiji in ya daina ana cewa ya shiryu, mace kuwa tabon na binta har ƴaƴanta, ga tsoron a raba ta da yaranta. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka na 2024 ya ce mutum miliyan 292 ne suka yi amfani da ƙwaya a duniya a 2022, miliyan 64 daga ciki abun ya zame musu cuta, amma mutum 1 cikin 11 ne kawai ke samun magani. A maza 1 cikin 7 ne, a mata 1 cikin 18.

Da yake ba asibiti, sai gidan yari ya zama shi ne asibitin. Iyaye da kansu kan roƙa a kulle ɗansu ko zasu samu barci, kuma ni bana ganin laifinsu, wanda bai kwana da irin wannan tashin hankalin ba bai san zafinsa ba. Sai dai akwai haɗarin da ba'a cika faɗa musu ba. In mutum ya yi watanni a tsare jikinsa ya manta da ƙwayar, ranar da ya fito in ya sha adadin da ya saba sha a da, shi ne ajalinsa. Wani bincike da aka yi kan fursunonin jihar Washington aka wallafa a 2007 ya gano cewa a sati biyun farko bayan sakin mutum, haɗarin ya mutu da ƙwaya ya ninka na sauran jama'a sau 129. Kuma gari ɗaya zai koma, abokan nan, dilan nan, bashin nan, ga sunan ɗan ƙwaya da zai hana kowa ɗaukarsa aiki a wurin da masu bada aikin basu fi a ƙirga da yatsu ba.

Duk da haka wannan kusancin da ke rufa wa ɓarna asiri ana iya juya shi. A ƙasar Aisland da ke Turai a 1998 kashi 42 cikin 100 na yara ƴan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya wuce, zuwa 2016 abun ya sauko kashi 5. Ba wa'azi suka tsaya yi wa yaran ba, iyayen kowace unguwa suka zauna suka yi yarjejeniya kan lokacin dawowa gida da dare, hukuma ta zuba kuɗi a wasanni da koyon sana'o'in hannu da kiɗa bayan makaranta, kuma a kai a kai ana tambayar yaran ana kawo wa kowace al'umma sakamakon nata yaran, ba na ƙasa baki ɗaya ba, yadda ba mai iya cewa ai matsalar wasu ce. Irin wannan yafi sauƙin yi a inda iyaye suka san juna. Amma rigakafi ne, baya warkar da wanda ya riga ya kamu, kuma yana cin kuɗi.

Shi wanda ya kamu ɗin, labarin garin Austin na jihar Indiyana ya isa misali. Gari ne na mutum wajen 4,200, a gundumar da a da ba'a samun masu cutar HIV sabbi ko biyar a shekara. A 2015 cutar ta ɓarke, sama da mutum 200 suka kamu, saboda ana narka wata ƙwayar kashe zafi mai suna Opana ana yin allurarta, ana karɓa-karɓa da sirinji ɗaya. Masu binciken lafiya sun tarar da gidajen da kaka da uwa da jika ke yin allurar tare. Wurin da ake gwajin cutar a gundumar an rufe shi tun 2013, kuma dokar jihar ta hana raba sabbin sirinji, sai da abun ya kai intaha gwamnan lokacin, Mike Pence, ya bada izini. Da aka buɗe wurin musayar sirinjin, ya zama ƙofar da mutane ke shigowa a gwada su, a ɗora su kan magani, a basu nalokson, wasu daga nan suka shiga shirin dainawa, sabbin masu kamuwa suka ragu zuwa ƴan ƙalilan. A watan Yunin 2021 shugabannin gundumar suka kaɗa ƙuri'a, biyu da ɗaya, aka ce a rufe wurin, duk da likitoci da jami'an lafiya da ma wasu jami'an tsaron yankin sun roƙa a bar shi. Hujjar masu rufewar ita ce basa so ya zama da hannunsu ake taimaka wa mutum yin shaye-shaye. Na san har zuciyarsu suke faɗa, amma duk lokacin da na tuna labarin nan sai in tuna waɗanda suka saba zuwa wurin, mutanen da sai da suka haɗiye kunyar gari guda kafin su iya taka ƙofar.